Mu Koya wa Yara Sanin Jini, Mu Manya Kuma Mu Bayar

 A wannan fitowa shafin lafiya zai yi magana a kan jini. Muna roƙon fastoci, masu bishara da shugabannin zumuntar mata su karanta shi ga jama'a bayan sujada, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ma su ji.

Da wuya a sami ƙauyen da bai san irin wannan dare ba. Mace ta haihu, ana cikin murna, sai jini ya ƙi tsayawa. A nemi mota ko babur, a isa asibiti da tsakar dare, likita ya ce sai an samo jini leda biyu. Nan ne za ka ga dangi sun fara kallon juna. Wannan ya ce bai ci abinci ba, wancan ya ce shi ma jininsa bai ishe shi ba, wani kuma ya zame ya ce zai je ya dawo. Wanda ya yarda, a gwada shi a tarar nasa bai dace ba. Alhali kuwa masana sun ce zubar jini mai tsanani bayan haihuwa yana iya kashe mace mai ƙoshin lafiya cikin awa 2 idan ba a yi wani abu ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kimanin 82,000 ne suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukan duniya. Zubar jini yana kan gaba cikin abubuwan da ke kawo wannan mutuwa.

Ba mata kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe marasa ƙarfi wajen rabin jinin da ake ƙara wa mutane, yara 'yan ƙasa da shekara 5 ake ƙara wa. A wurinmu mun san dalili: zazzaɓin cizon sauro yana farfasa ƙwayoyin jinin yaro har tafin hannunsa da cikin idonsa su yi fari fat. Ga masu sikila, ga waɗanda suka yi haɗari a hanya, ga waɗanda za a yi wa tiyata.

Har yau babu masana'antar da ke yin jinin da za a ƙara wa mutum. Daga jikin wani mutum kaɗai yake fitowa. Kuma jinin da ya fi amfani shi ne wanda aka riga aka ɗiba, aka gwada, aka ajiye cikin firji tun kafin a bukace shi. Abin da ke hana mu bayarwa ba rowa ba ce, gama mutanenmu sukan sayar da akuya ko buhun masara domin maƙwabci. Tsoro ne, tsoron kuwa tun muna yara muka koye shi. Saboda haka a ganina makaranta ce wurin da ya kamata a fara.

DARASIN RUWAN LEDA

Bari in faɗa tun da wuri domin kada wani ya ɗauki maganar a karkace: ba a ɗibar jinin yara. Ba wanda zai soki yatsan yaro a aji. Koyarwa kawai ake yi, da kayan da ke cikin ƙauye.

Malami ya sayi ruwan leda guda 10 ya jera a kan tebur. Kowace leda rabin lita ce, duka lita 5 ke nan. Wannan shi ne kimanin yawan jinin da ke jikin babban mutum. Sai ya kira yaro ɗaya ya ɗauke leda ɗaya. Abin da ake ɗiba a wurin mai ba da jini mililita 450 ne, bai ma cika ledar nan ba. Yara su ƙirga abin da ya rage: tara. Sa'an nan malami ya mayar da ledar wurinta yana bayani cewa jiki da kansa yake mayarwa. Ruwan jinin yakan dawo cikin kwana ɗaya ko biyu idan mutum ya sha ruwa sosai, jajayen ƙwayoyin kuma cikin 'yan makonni.

Wannan ɗan darasi na minti biyar ya fi dogon jawabi aiki. Yawancin manya suna tsammani jini kamar hatsi ne a rumbu, abin da ka ɗiba ya tafi sai wata kaka. Ba haka ba ne. Jini ya fi kama da rijiya mai ido. Kowace jar ƙwayar jini kwana 120 take yi ta mutu, ɓargon da ke cikin ƙashi kuwa dare da rana yana yin sababbi, ko ka bayar ko ba ka bayar ba.

Daga nan sai a shiga abin da jini ya ƙunsa. A samo kwalba mai haske a zuba ruwa ya ɗan wuce rabi. Wannan shi ne ruwan jini, wanda ke ɗaukar abincin da muka ci zuwa ko'ina a jiki. A zuba gyaɗa mai jan ɓawo da yawa: su ne jajayen ƙwayoyi, masu ɗaukar iskar da muke shaƙa daga huhu zuwa ga kowace gaɓa. Shi ya sa mai ƙarancin jini yake haki ko da ɗan tudu ya hau. A jefa farin wake ɗaya ko biyu kacal: su ne fararen ƙwayoyi, sojojin da ke yaƙi da cuta. A ƙarshe a barbaɗa ɗan gero ko acca: su ne ƙananan ƙwayoyin da ke taruwa su toshe bakin rauni har jini ya daskare. Yaron da ya girgiza kwalbar nan da hannunsa ba zai ƙara ɗaukar jini kamar wani abin asiri ba.

Sauran kuma wasa ne. Kowane yaro ya dunƙule hannunsa, girman zuciyarsa ke nan. Ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ya ƙirga bugun na minti ɗaya, a fita a zagaya filin makaranta da gudu, a dawo a sake ƙirgawa. Su da kansu za su tambayi dalilin da ya sa ya ƙaru.

RUKUNIN JINI DABAN, SIKILA DABAN

A nan nake so malamai su daɗe, gama ko cikin waɗanda suka yi makaranta akwai masu rikita abubuwa biyun nan.

Tun da daɗewa likitoci a Turai sun yi ta gwada ƙara wa mutum jinin wani. Wani ya tashi, wani ya mutu nan take, ba a san dalili ba. Sai a 1901 wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Karl Landsteiner, ya nuna cewa jinin mutane rukuni-rukuni ne, kuma idan aka haɗa waɗanda ba su dace ba sai ƙwayoyin su dunƙule. An ba shi lambar yabo ta Nobel a 1930. Yau rukunan huɗu ne: A, B, AB da O. Kowanne kuma akwai mai alamar tarawa, wanda ake ce wa fozitif, da mai alamar ɗebewa, wato negetif. A ƙasarmu wajen rabin jama'a O ne. Masu negetif kuwa kaɗan ne ƙwarai, kamar mutum ɗaya cikin ashirin, shi ya sa nemansa yake da wuya ranar bukata.

Ga yadda za a nuna wa yara. A jera kofuna huɗu masu haske. Na farko ruwa zalla, shi ne O. Na biyu ruwan zoɓo, shi ne A. Na uku ruwan bula ta wanki, shi ne B. Na huɗu a gauraya zoɓo da bula, shi ne AB. Dokar wasan ɗaya ce: idan ka zuba wani cikin wani launin mai karɓa ya sāke, to bai dace ba. Ruwa zalla zai shiga kowane kofi ba tare da ya ɓata shi ba. Amma ɗigon zoɓo kaɗan ya isa ya ɓata ruwa zalla. Nan take yara za su gane cewa mai O yana ba kowa, amma shi sai daga mai O ɗan'uwansa. A ja musu kunne kada su sha na bula. A kuma gaya musu wannan misali ne kawai, a asibiti sai an gwada jinin mai bayarwa da na mai karɓa tare kafin a sa wa mutum.

Yara za su yi wata tambaya, kuma a bar su su yi ta: jinin Kirista yana shiga jikin Musulmi? Na Bafulatani yana shiga jikin Berom ko Bajju? Amsar ita ce i. Rukuni ake dubawa, ba addini ko yare ba. Mai yiwuwa jinin ɗan'uwanka uwa ɗaya uba ɗaya ya ƙi ka, na baƙon da ba ku taɓa gaisawa ba ya karɓe ka. A garuruwan da rikici ya raba unguwanni, ban san wani darasin zaman lafiya da ya fi wannan sauƙin fahimta ba. Haka kuma hali ba ya bin jini. Wanda aka ƙara wa jinin mashayi ba ya zama mashayi.

Maganar AA, AS da SS kuwa wata aba ce daban, gwajinta ma daban. A ɗin da ke cikin AS ba shi ne rukunin A ba. Wannan gādo ne daga uwa da uba wanda ya shafi siffar jajayen ƙwayoyin. Mai SS shi ne mai sikila, ko amosanin jini: ƙwayoyinsa sukan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi, kuma ba sa daɗewa suke mutuwa. Mai AS lafiyarsa ƙalau, amma yana ɗauke da irin. Wajen mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne, kuma an ƙiyasta jarirai kimanin 150,000 ake haifa da sikila a ƙasar kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Idan AS ya auri AS, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS. A lura, a kowane ciki ne. Ba wai idan an haifi ɗaya mai sikila ukun da ke biye sun tsira ba. Yaron da ya ji wannan a aji shida zai nemi gwaji kafin ya kai kuɗin gaisuwa gidan yarinya, ba sai an sa ranar aure fasto ya aike su asibiti ba. Zai kuma daina kiran ɗan ajinsa mai sikila da sunayen banza.

Su 'yan mata kuma su san rukuninsu saboda wani dalili. Mace mai negetif da ta ɗauki cikin jariri mai fozitif tana bukatar wata allura cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari, domin kāre cikin da zai biyo baya. Wasu matan da ake cewa mayu ne ke cinye musu 'ya'ya, wannan ce damuwarsu.

KIYAYE JININ DA MUKE DA SHI

Darasin ba zai cika ba sai an faɗi abin da ke cinye jinin yara a ƙauye. Sauro na farko, maganinsa gidan sauro kowane dare. Tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa, maganinta takalmi, masai da maganin tsutsa. Tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan tafki da rafi. Fitsarin jini ba alamar balaga ba ce, ciwo ne mai magani. Abincin da ke gina jini kuwa muna da shi: zogale, alayyahu, rama, wake, kifi, hanta, nama, ƙwai. Lemu ko gwaiba bayan abinci suna taimakon jiki ya ɗauki amfaninsu, shayi kuwa yana ragewa. Kuɗin da ake kashewa a kan lemun malt da madarar gwangwani da sunan ƙarin jini, da a wake da ganye aka sa shi da ya fi.

A koya musu kuma kada su yi tarayya a reza ko aska, kada su taɓa jinin wani da hannu tsirara. In an yanke, a danne wurin da tsumma mai tsabta, ba a zuba ƙasa, toka ko kashin shanu. In haɓo ne, yaro ya sunkuyar da kai gaba ya matse hanci minti 10, ba ya ɗaga kai sama ba. Maganar jinin al'ada malama mace ta yi ta da 'yan mata su kaɗai, amma lalle a yi ta.

Wani zai ce, me ya haɗa wannan duka da matar da ke zubar da jini yau? Abu biyu. Na ɗaya, yaro ba ya riƙe labari. Abin da ya gani da ruwan leda zai maimaita shi a gaban tuwon dare, kuma uban da ba zai saurari ma'aikacin lafiya ba yakan saurari ɗansa. Na biyu, ɗan aji shida na yau cikin shekara shida ko bakwai zai kai 18. An ga haka a Zimbabwe, inda hukumar jini ta juya ga ɗaliban manyan azuzuwan sakandare lokacin da ƙanjamau ya yi yawa cikin manya. A shekarun 1990 matasan da suka gama makaranta suka kafa ƙungiyar Pledge 25, kowa ya yi alkawarin ba da jini sau 25, da kuma tsare kansa domin jininsa ya zauna da tsabta. Ƙasashe da dama sun kwaikwaye su.

TAMBAYOYIN MANYA

"Za a sayar da jinina, ko a yi tsafi da shi." Ba zan ce ba a cinikin jini ba. Akwai masu tsayawa a ƙofar wasu asibitoci suna sayar da nasu, kuma jininsu ne ya fi haɗari, gama mai neman kuɗi ba zai faɗi gaskiyar lafiyarsa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana wannan ciniki, a 2021 kuma aka sa hannu a dokar da ta kafa hukumar kula da jini ta ƙasa. Amma abin da ke raya 'yan cinikin shi ne firjin da ba kowa a ciki. Maganin shi ne mu bayar ta hanyar da aka sani: cibiyar hukumar jini, irin waɗanda ke Jos da Kaduna, ko asibitin gwamnati ko na mishan mai wurin ajiyar jini.

"In kyauta na bayar, don me ake cajin majiyyaci?" Tambaya ce mai kyau. Ledar da ake ɗiba a ciki saye ake yi. Kowace leda sai an gwada ta domin ƙanjamau, ciwon hanta iri biyu, B da C, da tunjere. Firji kuma dole ya riƙe sanyi tsakanin digiri 2 da 6 dare da rana, mun kuwa san halin wuta da kuɗin mai. Dattawa suna da iko su tambayi asibiti nawa ake caji da kuma na mene ne, su nemi rasit.

"Ƙarfina zai ragu." Za ka huta ranar, ka sha ruwa, kada ka ɗauki kaya mai nauyi. Bayan kwana ɗaya ko biyu ka koma gonarka. Ba ya taɓa mazakuta, ba ya hana haihuwa. Allura da leda sababbi ne, a gabanka ake buɗe su, sau ɗaya ake amfani da su, saboda haka ba ka ɗaukar cuta ta wurin bayarwa.

"Ina tsoron abin da gwaji zai nuna." Wannan shi ne tsoron da ba a faɗa da ƙarfi. Sakamakon tsakaninka ne da ma'aikacin lafiya, ba na fasto ba ne ko na dattawa. Yau akwai maganin da ke riƙe mai ƙanjamau ya yi tsawon rai yana aikinsa, ciwon hanta na C ana warkar da shi, na B ana lura da shi, tunjere kuma allura ce. Amma wanda ya san yana da dalilin shakka, ya je gwaji kai tsaye, kada ya bi ta layin masu ba da jini.

"Littafi Mai Tsarki bai hana ba?" Masu wannan tambaya suna nufin Ayyukan Manzanni sura 15 da Littafin Firistoci sura 17. Shaidun Jehobah sun ɗauke su a kan hana ƙarin jini. Sauran ikkilisiyoyi kuwa sun fahimci cewa maganar cin jini ake yi a wurin, kuma dalilin hanin shi ne darajar rai. Zan bar wa fastoci zurfin wannan. Ni dai abin da nake tunawa shi ne Basamariyen nan na Luka sura 10, wanda ya kashe mansa da kuɗinsa a kan mutumin da bai san sunansa ba.

YADDA IKKILISIYA ZA TA SHIRYA

Mai bayarwa ya kasance tsakanin shekara 18 da 65, nauyinsa kilo 50 ko fiye, yana cikin ƙoshin lafiya. Mai ciki, mai jego, mai zazzaɓi da mai sikila ba sa bayarwa. Mai AS yakan iya. Ma'aikata za su auna nauyi, bugun jini da yawan jinin kafin su ɗiba, wanda bai cancanta ba su ce ya dakata, kuma ba abin kunya ba ne. Ɗibar kanta wajen minti 10 ce. Namiji yana iya sake bayarwa bayan wata 3, mace bayan wata 4.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan mutum 10 cikin kowane 1,000 suna bayarwa, ƙasa za ta iya biyan bukatarta ta yau da kullum. Ku dubi yawan masu zuwa sujada a majami'arku ku yi lissafin da kanku.

Game da lokaci, kowa zai so a yi bayan girbi, sa'ad da akwai abinci da hutu. A yi. Sai dai jinin da aka ajiye kwana 35 zuwa 42 kawai yake yi, wato na Disamba ba zai kai damina ba, da damina kuwa zazzaɓi ya fi kwantar da yara. Saboda haka a yi aƙalla sau biyu a shekara. Tun 2004 ake kiyaye 14 ga Yuni, ranar haihuwar Landsteiner, a matsayin ranar masu ba da jini ta duniya, ta kuwa faɗo daidai farkon lokacin bukatarmu. A zaɓi Lahadin da ta fi kusa da ita, bayan sujada, tun da ba mai zuwa gona ranar.

Sakataren ikkilisiya ya rubuta wa asibiti ko cibiyar jini mafi kusa wata guda kafin ranar, a sanar da mai gari, a gayyaci maƙwabta Musulmi. Darasin yara a yi shi mako biyu kafin nan, da izinin shugaban makaranta, a maimaita shi a makarantar Lahadi. Zumuntar mata su shirya kunu da ruwan sha, matasa su jera benci a inuwa, kowa ya karya kumallo kafin ya zo. Zai yi kyau fasto da dattawan da suka cancanta su fara miƙa hannu.

A ƙarshen ranar, wanda ya yarda a rubuta sunansa, rukunin jininsa da lambar wayarsa cikin littafi guda. Rukuni kaɗai za a rubuta, ban da sakamakon wani gwaji. Littafin ya zauna wurin sakatare, kwafi ɗaya wurin ungozoma ko ma'aikacin ɗakin shan magani, a sa wa masu negetif alama da jan biro. Ikkilisiyar da ke son a zo a nuna wa malamanta yadda ake darasin kofuna da kwalba ta aiko da saƙo ofishinmu ta hannun fastonta.